Martani: Gyaran Ƙafar Mota Ba Aikin Ƙofar Gida Ba Ne

Malam, na karanta maƙalarka da ka yi kira ga masu motoci a Katsina su daina kai mota gareji idan ƙafar gaba ta fara ƙara, su sayo kaya su kwance su ɗaura da hannunsu a gida. Ka kafa hujja da tsadar rayuwa, da cutar da ka ce kanikawa suna yi wa jama'a, da kuma cewa yau babu abin da waya ba ta koya wa mutum. Har ka kawo misali da unguwarmu ta Gobarau, ka ce matasanta masu boko ne, bai dace su riƙa biyan wani don ya kwance musu noti ba. Mun gode da kyakkyawan zato. Amma ban yarda da shawarar ba, kuma ba zan iya yin shiru ba, domin idan aka bi ta, asarar ba a aljihu za ta tsaya ba, har rayuka za ta taɓa.

Batun tsada ba ni da ja da kai. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce naira 1,500 a farkon 2024, kuma kusan duk ƙarfen da ke ƙarƙashin mota da dala ake shigo da shi. Ga iyakar Jibiya da aka rufe a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023. Ma'aikacin da ke lallaɓa tsohuwar Golf uku ko Peugeot 406, idan ya faɗa rami ya ji ƙwaram a gaba, gabansa faɗuwa yake yi, don ya san albashin watan ya tafi. Wannan duk gaskiya ce.

Sai dai ina so ka ɗauki biro ka duba inda kuɗin gyaran ƙafa yake tafiya. Bidiyoyin da ka ce a kalla a YouTube, akasarinsu a Amurka da Ingila aka ɗauke su, kuma mutanen can suna da dalilinsu na shiga ƙarƙashin mota da kansu. A wurinsu ladan bakanike shi ne babban kaso. Gareji da yawa a Amurka sukan caji fiye da dala 100 a kan aikin awa ɗaya, har kuɗin aiki ya zarce kuɗin kaya, don haka wanda ya yi da kansa ya tsira da kuɗi mai kauri. Ga shi yana da ɗakin ajiye mota mai daɓen siminti da ƙofa da wuta. Sannan manyan shagunan kayan mota irin su AutoZone suna ba da aron kayan aiki: ka ajiye kuɗi, ka ɗauki na'urar matse sifirin, ka dawo da ita a mayar maka da abinka. A Katsina lissafin a kife yake. Duk wanda ya taɓa canza shokazoba biyu da lowa-am da tayarod ya san mai shago ne ya kwashe kuɗin. Abin da bakanike ya karɓa ɗan kaɗan ne a kai, shi ma sai an yi ciniki, wani lokacin a bar shi da “zan aiko”. Mai gyara a gida dole ya sayi kayan nan a farashinsu, ba wanda zai rage masa. Abin da ya tsira da shi ladan aiki ne kawai, wato mafi ƙanƙantar kaso, a madadinsa kuma ya ɗauki haɗarin gaba ɗaya. In ya ce zai sayi kayan aikin da suka dace, wato jak mai ƙarfi, da turakun ƙarfe da ake ɗora mota a kai, da na'urar matse sifirin, da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, kuɗinsu ya ninka ladan bakanike sau da yawa, a kan aikin da ba kowace shekara ake yinsa ba. Ina rarar da ka yi mana alkawari?

Sannan da ka ce “a gida”, wane gida? Ƙila kana tunanin gidajen GRA masu get da tsakar gida mai faɗi. Gobarau tsohuwar unguwa ce, hasumiyarta tun zamanin Sarki Muhammadu Korau ake danganta ta, kuma lungunanta, kamar na Yarinci da Masanawa da Gambarawa, an shata su ɗaruruwan shekaru kafin mota ta zo ƙasar Hausa. Gidajenmu zaure ne da ƙofar da mutum ke shiga da ƙafa. Motoci da yawa a bakin titi suke kwana, ko a ɗan fili kusa da masallaci. Wurin da za a yi wannan gyara da kake magana ƙasa ce da yashi, gefen kwata, kan hanyar masu babur da masu tura ruwa da yara 'yan makarantar allo. Jak ɗin da ke zuwa a but na mota don canza taya aka yi shi, na mintoci kaɗan, a kan wuri mai tauri, ba don a shiga ƙarƙashi ana buga guduma ba. A kan yashi nutsewa yake yi yana karkata. Bulon da mutane ke tokarawa da shi kuwa ramuka ne a cikinsa, ba ya lanƙwasa ya ba ka labari, farashewa yake yi lokaci guda.

Na ga irin wannan a wani lungu da ke kusa da mu. Wani matashi malamin makaranta, mai hankali da ƙoƙari, ya fara kwance ƙafar motarsa da safiyar wata Asabar, wayarsa jingine da dutse tana nuna masa mataki-mataki. Komai ya tafi daidai har ya iso kan wani bol da ke riƙe da lowa-am. Bol ɗin ya haɗe da ƙarfen cikin bushin saboda tsatsa, ya ƙi motsi. Ya zuba baƙin mai, ya ƙara bututu a kan sifana, ya taka da ƙafa, kan notin ya sule. A bidiyon, Baturen daƙiƙa kaɗan ya yi a wurin da sifana mai aiki da lantarki. Motar ta kwana a lungun, hanci a sama, taya ɗaya a cire, jak da bulo suna riƙe da ita, kuma washegari yara ne ke leƙa ƙarƙashinta suna ɗauko ƙwallo. Dattawan unguwa ne suka sa baki aka kira bakanike, shi kuma ya zo da mai walda da tulun gas aka gasa ƙarfen kafin ya fita. Matashin ya biya bakanike, ya biya mai walda, ya sayi sabon bol. Allah Ya tsare, ba wanda ya ji rauni. Irin wannan tsatsa kuma ba baƙon abu ba ne a motocinmu, domin da yawa daga cikin na Kwatano da na Legas sun yi rayuwarsu ta farko a Amurka da Kanada, inda ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara, gishirin kuwa cin ƙarfe yake yi.

Wannan asarar kuɗi da lokaci ce kawai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ka ambaci canza shokazoba a layi ɗaya, tamkar canza batir. Ƙaramar Corolla nauyinta ya kai kilo 1,200 ko kusa da haka, kuma wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin a gaba yake saboda inji da giya. Ke nan kowace tayar gaba tana ɗauke da abin da ya kai buhun siminti bakwai, kuma sifirin ɗin nan mai murɗe shi ke riƙe da wannan nauyi. A motoci irin su Corolla da Golf da 406, sifirin a jikin shokazoba yake, a matse tsakanin faranti biyu, noti ɗaya ne a sama yake tsare da shi. Tsarin ya samo suna daga injiniyan Amurka Earle MacPherson, kuma ya yaɗu a duniya tun bayan motar Ford Consul ta 1950, saboda sauƙinsa da araharsa ga masu ƙera mota. Ko bayan an ciro shokazobar an ajiye a ƙasa, sifirin yana nan a matse da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Wanda ya kwance notin saman ba tare da ya fara matse sifirin da na'urarsa ba, farantin da notin za su tashi su nufi duk abin da ke gabansu, kuma galibi fuskar mai kwancewa ce a wurin. Haƙora, ido, muƙamuƙi, yatsu. Ko da na'urar ma, in ta arha ce ko an maƙala ta a karkace, takan zame. Ba ka faɗa wa mai karatu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, Malam, kuma wannan giɓi ne babba a rubutun da ke tura mutane su yi aikin.

Na san za ka ce kanikawanmu ma da yawa ba su da wannan na'ura, da waya ko igiya suke ɗaure sifirin, wasu da nauyin motar suke matse shi. Haka ne, kuma ni ma ina ƙyamar wannan ɗabi'a. Amma ganganci a hannun wanda ya shekara goma yana aikin bai zama hujjar miƙa aikin ga wanda bai taɓa yi ba. Abin da ya dace shi ne a matsa wa gareji su mallaki kayan aiki, ba a kwashe haɗarin a kai shi ƙofar gidajen mutane ba.

Mu koma kan bol-joyin, gaɓar nan mai kan ƙwallo da ke haɗa wurin taya da lowa-am. Kowa a garin nan ya taɓa ganin mota a tsakiyar titi ta durƙusa, tayar gaba ta karye ta kwanta gefe. Mafi yawan lokuta bol-joyin ne ya fita daga mazauninsa. Ba kuma duk motoci ne suke ɗaya ba a nan. A Corolla da Golf, nauyin mota ta shokazoba yake bi ya sauka kan taya, bol-joyin na ƙasa riƙe tayar kawai yake yi a layi. A Honda Accord irin su Hala da Baby Boy da End of Discussion, masu hannu biyu sama da ƙasa, nauyin ta bol-joyin na ƙasa yake ratsawa, don haka in ya ci ya cinye ba a kula ba, rabuwa yake yi, tayar ta tafi. Masu wannan mota sun san haka, kanikawan Honda kuma nan suke fara dubawa. A irin waɗannan motoci bol-joyin matse shi ake yi cikin ƙarfe da injin matsa. Wanda ya buga shi da guduma a gida zai iya faɗaɗa ramin ko ya shigar da shi a karkace, motar kuma ta tashi lafiya, ta yi mako tana yawo cikin gari ba ƙara ba komai. Ranar da za ta nuna hali ita ce ranar da aka ɗauki hanyar Kano ko Funtuwa ko Daura, ana gudun kilomita 100 a awa, da iyali a baya.

Akwai ƙananan abubuwa da yawa da ido ba ya gani in an gama ɗauri. Bol ɗin bushin ba a ƙarasa ɗaure shi sai an sauke mota nauyinta ya zauna a kan tayoyi. In aka ɗaure tam tana rataye a sama, da an sauke ta robar za ta murɗe ta zauna a haka, cikin 'yan watanni ta tsage, mai mota ya ce an sayar masa da jabu alhali ɗaurin ne. Notin bol-joyin da na tayarod a motoci da yawa suna da 'yar kusa mai baki biyu da ake zura wa a lanƙwasa don kada notin ya warware, kuma sabuwa ake sawa kowane lokaci. Kan birki ba a barinsa yana lilo a jikin tiyonsa, don tiyon kan lalace ta ciki ba a sani ba. In aka janyo wurin taya da ƙarfi, shaf kan zare daga mazauninsa. Kowane noti kuma kamfani ya rubuta iyakar ƙarfin da za a ɗaure shi: in bai kai ba ya kwance, in ya wuce bol ya miƙe ya jira ranar karyewa. Wannan ilimi ba ɓoyayye ba ne, yana cikin littattafai. Amma karanta shi daban, hannu ya san shi daban.

Ko da an yi komai daidai, aikin bai ƙare a gida ba. Duk lokacin da aka taɓa tayarod ko lowa-am ko shokazoba, saitin tayoyi ya gushe, sai an je wurin masu alaimen. Ƙirga zaren tayarod da ake koyarwa a bidiyo kusantar da kai kawai yake yi, don ka iya tuƙa motar zuwa can. Karkatar milimita kaɗan ta isa ta cinye gefen sabuwar taya cikin ɗan lokaci, ta sa sitiyari ya riƙa ja gefe ɗaya. Kuɗin taya biyu a yau ya fi ladan bakaniken da aka guje wa. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Yanzu batun kanikawa. Ka yi musu kuɗin goro, ka kira su macuta. Ba zan musa cewa akwai ɓata-gari ba. Akwai mai karɓar kuɗin sabo ya sa na Beljiyam, akwai mai wanke tsohuwar shokazoba ya fesa mata fenti, akwai mai sassaƙa bushin daga tsohuwar taya, akwai mai bubbuga bol-joyin da ya mutu don ya daina ƙara na ɗan lokaci. Amma ka lura, kusan duk wannan cuta a kan kaya take, ba a kan ɗauri ba. Mai motar da bai iya bambance kaya mai kyau da jabu ba, in ya bar gareji ya nufi shago shi kaɗai, ko a nan Katsina ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, bai tsira ba, wurin cutar kawai ya canza, kuma yanzu ba shi da wanda zai koma wa. In bakanike ya yi maka aiki ya lalace, kana da ubangidansa, kana da shugabannin garejin, kana da ƙungiyarsu ta NATA, kana da maƙwabtaka da sanayya. Mafi yawan kanikawan garin nan 'ya'yan mutane ne da suka shiga sana'ar tun suna yara, suka fara da wanke noti a kananzir da miƙa sifana, wasu iyayen gidansu a kan 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna suka tsufa. Su ma tsadar nan da ta dame mu ta dame su. Ba adalci ba ne a yanke musu abinci da rubutu guda saboda laifin wasu.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne cewa mai mota ya daina zama jahilin motarsa. Akwai abin da ya kamata kowa ya iya a ƙofar gida, ba tare da ya kwance komai ba. Ya murɗa sitiyari har ƙarshe ya durƙusa ya haska fitila bayan taya, ya duba robobin da ke rufe bol-joyin da tayarod da shaf. In roba ta tsage, giris ya fita, ƙurar hunturu da ruwan damina sun shiga, gaɓar ta kama hanyar mutuwa ko da ba ta fara ƙara ba. Ya duba jikin shokazoba ko mai yana tsiyaya. Ya danna hancin motar da ƙarfi ya saki, in ta yi ta rawa ba ta tsaya nan take ba, shokazoba ta gaji. Ya shafa tafin taya ya ji ko gefe ɗaya ya fi cinyewa. Ya riƙa auna iska. Ya saurari motarsa ya san ko ƙarar a rami take zuwa, ko a kwana, ko wajen taka birki. Wanda ya shiga gareji da wannan sani, da wuya a yi masa ƙarya.

A garejin kuma kada ya ajiye mabuɗi ya tafi. Ya ce a ɗaga motar a nuna masa. Bakanike na gari zai kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ya kama ta dama da hagu ya girgiza, ya sa ƙarfe ya ɗaga lowa-am, ya ce maka sa hannunka nan ka ji wasan da kanka. Ku tafi shago tare, ka biya da hannunka, ka karɓi rasit, a yi sharaɗin canji in bai yi ba. Shokazoba da sifirin a canza su biyu-biyu, dama da hagu, kada a sa sabo gefe ɗaya a bar mataccen a ɗayan. Ka ce a ba ka tsofaffin kayan da aka cire. Ka tambaya ko suna da na'urar matse sifirin, in babu ka nemi inda ake da ita. Daga nan ka wuce wurin alaimen kafin ka koma gida. In masu motoci suka dage a kan haka, gareji za su gyaru, domin ba mai son ciniki ya wuce shi.

Matashin da ya ji yana son aikin da gaske, ƙofa a buɗe take. Ya je ya durƙusa gaban mai sana'a ya koya, ko ya nemi sashen injiniyan kanikanci a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Muna buƙatar kanikawa masu ilimi da ke karanta littafin kamfani, suna aiki da awo. Wanda ya koya, ya tanadi kayan aiki, ya sami daɓe mai kyau nesa da yara, ya gyara motarsa a gidansa, ba ni da magana. Amma ba shi ka rubuta wa ba. Ka rubuta wa malamin makaranta da ɗan kasuwa da ma'aikacin ofis, ka ce musu waya da sifana biyu sun isa. Motar da suka ɗaura kuwa ba su kaɗai za ta ɗauka ba. Za ta ɗauki mata da yara zuwa biki da asibiti, za ta bi ta gaban 'yan babur da masu talla, waɗanda ba wanda ya nemi yardarsu kafin a yi gwaji da rayukansu. Wannan haƙƙi ne, kuma mai ba da shawara yana da kaso a ciki.

Don haka ina roƙonka, Malam, ka sake ɗaukar alƙalami a shafin da ka yi wancan rubutu, ka faɗa wa masu karatunka haɗarin sifirin da na jak da na bol-joyin, ka janye kiran da ka yi. Ku kuma 'yan'uwana na Gobarau da kewaye, wanda duk ya riga ya kwance ƙafar motarsa ya ɗaura da kansa, don Allah kada ya hau babbar hanya da ita sai ya kai wa ƙwararren bakanike ya bi notin ɗaya bayan ɗaya, an kuma yi mata alaimen.